Kun Tambaya, Mun Amsa: Ƙarfin Zuciya a Wasan Kurket

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan kurket, wasan da ba mu saba da shi ba a nan Maraɗi, domin sawun mulkin Ingila ya bi zuwa Indiya da Pakistan da Ostireliya da Afirka ta Kudu da tsibiran Karebiyan da maƙwabciyarmu Najeriya, bai biyo ta ƙasashen da Faransa ta mulka ba. Wayar hannu ce ta kawo shi gare mu, kuma abin da masu tambaya suka fi son sani shi ne abin da ke gudana a zuciyar ƙwararren ɗan wasa.

Tambaya: Malam, ina yi maka fatan alheri. Wani abokina da ya yi karatu a Indiya yakan nuna mana kurket a wayarsa in muna fada da dare. Ni dai abin da nake gani shi ne mutane cikin fararen kaya, ɗaya yana jifa, ɗaya yana bugu, sauran suna tsaitsaye, amma shi kullum cewa yake wasa ne na masu ƙarfin zuciya. Ina wahalar take? Daga wani ɗalibi, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Ɗana, abokinka yana da gaskiya, kuma za ka yarda da shi in ka dubi yadda aka gina wasan. Mai jifa yana rugowa a guje ya saki ƙwallo mai tauri da aka ɗinke da fata, nauyinta wajen giram 160, zuwa ga mai bugu da ke tsaye a nisan mita 20 yana kare sanduna uku da aka kafa a bayansa. Masu jifa da ƙarfi suna kai gudun kilomita 140 zuwa 150 a awa, kuma Shoaib Akhtar na Pakistan ya kai kilomita 161.3 a gasar cin kofin duniya ta 2003. Ke nan daga fitar ƙwallo a hannu zuwa isowarta bai wuce rabin sakan ba, kuma a cikin wannan ɗan tsakanin ne mai bugu zai gane inda za ta dira, da yadda za ta tashi, da ko za ta karkace, sannan ya yanke shawarar ya buga, ko ya tare, ko ya ƙyale ta ta wuce, ko ya sunkuya don kada ta same shi a ka.

Mai bugu yana cin maki ne in ya buga ƙwallo shi da abokin bugunsa suka ruga suka yi musayar wuri, ko in ƙwallon ta fita iyakar fili. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne hukuncin kuskure. In ƙwallo ta wuce shi ta bugi sanduna, ko ya buga aka cafe ta a sama kafin ta taɓa ƙasa, to ya fita, kuma zai koma ɗakin 'yan wasa ya zauna yana kallon abokansa, wataƙila sai bayan kwana biyu zai sake riƙe katakon bugu. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokawa na Maraɗi lokacin gasar takobi ya san irin wannan yanayi, inda mutum zai shekara yana shiri amma da zarar an kai shi ƙasa magana ta ƙare. Bambancin kawai shi ne mai bugu yana iya yini guda a cikin wannan hali.

Babban nau'in wasan, wanda ake kira Tes, inda kowace ƙungiya take shiga bugu sau biyu, yana ɗaukar kwana biyar, ana buga wajen awa shida kowace rana, kuma a ƙa'ida ana jifa 540 a yini. Babu ɗan Adam da zai iya tattara hankalinsa wuri guda na awa shida ba tare da ya gaji ba, saboda haka ƙwararru suka koyi rarraba hankalin. In ka sake kallo, bar ƙwallo ka kalli mai bugu bayan an yi jifa. Za ka ga ya ja da baya taku uku ko huɗu, ya gyara safar hannunsa, ya dubi 'yan kallo ko sararin sama, wani lokaci ya tako tsakiyar fili ya dandaɓe ƙasa da katakonsa kamar yana gyara wani rami, sannan ya dawo ya ja layi da takalminsa a inda zai tsaya, ya sunkuya, ya kafa wa hannun mai jifa ido. Tsakanin jifa da jifa yana sakin hankalinsa ne ya huta, sai ya sake kamo shi na sakan biyar ko shida kawai. Wanda ya kasa wannan, wanda har yanzu yake tunanin ƙwallon da ta kusa fitar da shi ɗazu, ko yake lissafin makin da ya rage masa ya cika ɗari, shi ne ke fita.

Misalin da babu kamarsa shi ne na Hanif Muhammad na Pakistan, a Barbados, cikin Janairun 1958. Ƙungiyar tsibiran Karebiyan ta ci maki 579, Pakistan kuwa aka fitar da 'yan wasanta duka a maki 106, aka tilasta musu sake shiga suna baya da maki 473, ga kuma fiye da kwana uku sun rage, domin wancan wasan na kwana shida ne. Nasara ta riga ta kuɓuce, abin da ya rage shi ne a cinye lokaci don a tashi babu wanda ya ci wani. Hanif, yana ɗan shekara 23, ya tsaya minti 970, wato sama da awa goma sha shida, cikin zafin rana, ya ci maki 337, aka kuwa tashi kunnen doki. Har yau babu wanda ya daɗe kamarsa a shiga ɗaya a wasan Tes. Mike Atherton na Ingila ya yi makamancin haka a Johannesburg a 1995, minti 643 da maki 185 ba tare da an fitar da shi ba, gaban masu jifan Afirka ta Kudu irin su Allan Donald. A ganina irin waɗannan ranaku su ne ainihin kurket, ko da yake su ne suka fi gundurar sabon mai kallo.

Tambaya: Malam, ina koya wa yara ƙwallon ƙafa, kuma ina ganin wasu da zarar an ci mu ɗaya jikinsu ya mutu. Shin ƙarfin zuciyar da ake faɗa a kurket da shi ake haihuwar mutum, ko koyonsa ake yi? Daga wani mai horar da yara, Tasawa.

Amsa: Ɗan'uwa, halitta tana da nata rabo, domin wani yaro tun yana ƙarami ba ya razana da wuri, amma tarihin kurket ya fi karkata ga cewa koyo ake yi, kuma sau da yawa faɗuwa ce malamar. Marvan Atapattu na Siri Lanka ya fara buga Tes a 1990, kuma a shigarsa shida ta farko maki ɗaya tak ya samu gaba ɗaya, sau biyar yana fita da sifili. An ajiye shi, an dawo da shi, an sake ajiye shi, har tsawon shekaru. Mutumin nan daga baya ya ci maki ɗari sau 16 a wasannin Tes, shida daga ciki sun kai ɗari biyu, ya kuma zama kyaftin ɗin ƙasarsa. Stuart Broad na Ingila yana ɗan shekara 21 lokacin da Yuvraj Singh na Indiya ya ɗaga jifansa shida a jere zuwa wajen fili a Durban a 2007, kowanne maki shida, duniya tana kallo. Ya yi ritaya a 2023 bayan ya fitar da masu bugu 604 a wasannin Tes.

Labarin Ben Stokes na Ingila ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A wasan ƙarshe na kofin duniya na gajeren kurket, wato nau'in da ake gamawa cikin 'yan awanni, a Kolkata ta Indiya, cikin Afrilun 2016, ƙungiyar tsibiran Karebiyan tana buƙatar maki 19 a jifa shida na ƙarshe, aka miƙa wa Stokes ƙwallo, kuma kusan kowa ya ɗauka Ingila ta ci kofi. Carlos Brathwaite ya buga maki shida sau huɗu a jere, Stokes ya durƙusa a tsakiyar fili ya rufe fuskarsa. Bayan shekara uku, a filin Headingley da ke Ingila, a wasan Tes, Ingila tana neman maki 359 a hannun Ostireliya, kuma an riga an fitar da mutum tara, in aka ƙara fitar da ɗaya wasa ya ƙare, saura maki 73. Abokin da ya rage masa shi ne Jack Leach, mai jifa ne wanda ba a san shi da bugu ba, mai sanye da tabarau, wanda kafin ya fuskanci ƙwallo yakan cire hular kwano ya ciro ƙyalle ya goge tabaraunsa a natse, dubban mutane suna ihu. Su biyun suka haɗa maki 76, Leach ya ci ɗaya kawai daga ciki, Stokes ya ƙare da 135, Ingila ta yi nasara. Ni ina ganin goge tabaraun nan na Leach ya kai bugun Stokes darasi, domin mutum ne da ya san iyakar aikinsa, ya riƙe al'adarsa ta kullum, bai bar hayaniya ta gaggauta shi ba.

Masana ma sun bincika. A 2005 wasu masu nazarin halayyar 'yan wasa a Ingila, cikinsu har da Stephen Bull, sun wallafa sakamakon hirar da suka yi da 'yan kurket 12 da masu horarwa suka shaida da ƙarfin zuciya. Abin da ya yi ta fitowa daga bakinsu shi ne tasirin iyaye da yanayin tashi, da fita buga wasa a baƙuwar ƙasa tun suna matasa, da haɗuwa da koma-baya da wuri tare da samun damar farfaɗowa, da kuma sanin cewa sai sun yi gumi za su samu matsayi.

Abin da za ka ɗauka ga yaranka shi ne ka riƙa saka matsi a cikin atisaye, yadda masu horar da kurket suke cewa mai bugu in an fitar da shi sau ɗaya to atisayensa na ranar ya ƙare, don ya saba da nauyin kuskure kafin ranar gasa. Ka kuma koya wa kowane yaro ɗan abin da zai yi bayan ya yi kuskure, ko jan numfashi ne ko gyara safa, wanda zai zame masa alamar cewa wancan ya wuce. Amma ina roƙonka ka guji zagi da kunyata yaro gaban 'yan'uwansa, domin wannan tsoro yake shukawa, kuma yaron da ke tsoron malaminsa hankalinsa yana kan malamin ne, ba a kan ƙwallo ba.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce. Na ga hoton wani ɗan kurket da aka naɗe masa kai da bandeji yana jifa, mutane suna ta yabonsa. Wannan jarumta ce ko ganganci? Daga wata malamar asibiti, Tibiri.

Amsa: Malama, hoton Anil Kumble ne na Indiya, a tsibirin Antigua a 2002. Ƙwallo ta karya masa muƙamuƙi, aka ɗaure shi, ya dawo ya yi jifa 84, har ya fitar da Brian Lara, shahararren mai bugun tsibiran Karebiyan, kafin ya tafi gida a yi masa aiki. Akwai irinsa: Malcolm Marshall na tsibiran Karebiyan ya yi bugu da hannu ɗaya a 1984 bayan babban yatsansa ya karye, sannan ya fitar da 'yan Ingila bakwai, Graeme Smith na Afirka ta Kudu kuma ya fito da karyayyen hannu a Sidni a 2009 don ya ceci ƙungiyarsa. Ba zan hana su yabo ba, domin sun san abin da ke jikinsu kuma suka zaɓa. Sai dai ina tare da ke idan maganar kai ce. A Nuwamban 2014 ƙwallo ta sami Phillip Hughes na Ostireliya a wuya, ƙasa da inda hular kwano ta rufe, ya rasu bayan kwana biyu yana ɗan shekara 25. Tun daga 2019 doka ta yarda a musanya ɗan wasan da ya bugu a ka, kuma farkon wanda aka musanya a wasan Tes shi ne Steve Smith na Ostireliya, bayan jifan Jofra Archer na Ingila ya kai shi ƙasa a filin Lord's da ke Landan. Wannan doka ta ɗauke hukunci daga hannun ɗan wasa ta mayar wa likita, kuma haka ya dace, domin wanda ƙwaƙwalwarsa ta girgiza ba shi ne zai auna lafiyar kansa ba.

Tambaya: Malam, ɗana ya ba ni labarin wani ɗan kurket na Ingila da ya bar 'yan'uwansa a ƙasar waje ya koma gida, wai damuwa ta kama shi. Mutum yana karɓar kuɗi masu yawa, yana kwana a manyan otal, wace damuwa ce? Mu mun taso ana cewa faɗuwar gaba asarar namiji. Ashe ba ragwanci ba ne wannan? Daga wani Alhaji ɗan kasuwa, babbar kasuwar Maraɗi.

Amsa: Ranka ya daɗe, na gode da ka yi tambayar a fili yadda mutane da yawa suke yin ta a zuci, kuma ina neman ka ba ni dama in saɓa maka. Ina jin Marcus Trescothick ɗanka yake nufi. Shi ne mai buɗe bugu na Ingila, wato wanda ke fara fuskantar masu jifa lokacin da ƙwallo take sabuwa kuma ƙarfinsu yake cike, aikin da ba a ba rago. Ya buga Tes 76, ya ci maki 5,825, kuma yana cikin waɗanda suka doke Ostireliya a 2005 bayan shekaru masu yawa Ingila ba ta iya ba. A farkon 2006 ya baro Indiya ya koma gida, a ƙarshen shekarar ya sake baro Ostireliya, sannan a 2008 abin ya kama shi a filin jirgin saman Landan har ya kasa shiga jirgi, daga nan ya daina buga wa ƙasarsa. Daga baya ya yi bayani da kansa cewa ciwon damuwa da fargaba ne, wanda ke hana barci da cin abinci, ya sa zuciya bugawa da jiki rawa ba tare da wani dalili na zahiri ba. Mutumin da bai ja da baya ba gaban ƙwallo mai gudun kilomita 150 ɗakin otal ne ya gagare shi. Kuma ya ci gaba da buga wa ƙungiyarsa ta Somerset a gida, yana cin maki, har zuwa 2019, abin da ke nuna cewa hannunsa da jarumtarsa suna nan, ciwo ne ya hana shi nisa da iyalinsa.

Akwai dalilan da suka sa wannan ciwo yake samun ƙofa a kurket. Tafiya ɗaya tana iya ɗaukar wata biyu ko uku, mutum yana nesa da matarsa da 'ya'yansa, daga fili sai ɗaki. Ana buga wasan ne a ƙungiya, amma ana rubuta makin kowa daban, jaridu suna bugawa, saboda haka wanda ya yi mako uku bai ci maki ba babu inda zai ɓuya, kuma ya san akwai wani matashi a gida da ke jiran gurbinsa. Sannan ga dogon zama bayan an fita, awanni mutum yana juya kuskure ɗaya a ransa. Virat Kohli na Indiya, wanda a 2006 ya fito ya ci gaba da bugu har ya kai maki 90 a ranar da mahaifinsa ya rasu, shi da kansa ya faɗa cewa a tafiyar Ingila ta 2014, inda ya ci maki 134 kacal a shiga goma, ya shiga damuwa ya ji kamar shi kaɗai ne a duniya. Kuɗi ba sa hana wannan, kamar yadda ba sa hana hawan jini.

Ka dubi kuma abin da ya biyo bayan waɗanda suka tsaya suka nemi magani. Jonathan Trott ya baro Ostireliya a Nuwamban 2013 saboda irin wannan lalura, daga baya ya zama mai horar da Afganistan, ya kai su wasan kusa da ƙarshe na kofin duniya na gajeren kurket a 2024. Sarah Taylor, mai tsaron bayan sanduna ta matan Ingila, ta dakata a 2016 saboda fargaba, ta dawo ta ci kofin duniya a 2017. Stokes ɗin nan da na ambata ya ajiye wasa a Yulin 2021, bayan rasuwar mahaifinsa da kullen annobar korona, kuma a shekarar da ta biyo aka naɗa shi kyaftin. Glenn Maxwell na Ostireliya ya nemi hutu a Oktoban 2019 don lafiyar ƙwaƙwalwarsa. A Nuwamban 2023 a Mumbai, ƙasarsa tana neman maki 292 a hannun Afganistan, an fitar da mutum bakwai a maki 91, jijiyoyin ƙafarsa sun ɗaure har ya kwanta a ƙasa yana murƙususu, amma ya tashi ya ci 201 yana bugu kusan ba tare da ɗaga ƙafa ba. Babu wanda zai kalli wannan wasa ya kira mutumin rago.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wanda nake ambata da nauyin zuciya. Graham Thorpe, wanda ya buga wa Ingila Tes 100 kuma aka san shi da tsayuwa lokacin da sauran suka zube, ya rasu a Agustan 2024, iyalinsa suka bayyana cewa shi ya ɗauki ransa bayan shekaru yana fama da damuwa da fargaba, kuma sun faɗa ne don wasu su nemi taimako. Saboda haka, Alhaji, ina ganin ya kamata mu raba abubuwa biyu. Akwai faɗuwar gaba ta ranar gasa, wadda atisaye da sabo suke magancewa, wannan ita karin maganarmu take nufi. Akwai kuma ciwo, wanda yake kama jarumi da rago ba tare da zaɓi ba. Idan a gidanka ko a shagonka ka ga yaro mai kuzari ya daina barci, ya daina cin abinci, ya janye daga mutane na tsawon makonni, ko ya fara maganar gajiya da rayuwa, kada a tsaya ga ce masa ya yi haƙuri shi namiji ne. A yi masa addu'a, a zauna a saurare shi, a kuma kai shi asibiti, domin neman magani ba ya cin karo da tawakkali.

Tambaya: Malam, me ya sa ake yi wa Afirka ta Kudu gorin cewa ba su da zuciya a manyan wasanni? Daga wani malamin makaranta, Madarunfa.

Amsa: Malam, tushen gorin shi ne wasan kusa da ƙarshe na kofin duniya na 1999 da suka buga da Ostireliya a Birmingham. Suna buƙatar maki tara a jifa shida na ƙarshe, masu bugunsu biyu na ƙarshe ne a fili, Lance Klusener ya ci takwas a jifa biyu, saura maki ɗaya da jifa huɗu a hannu. A jifa na huɗu ya buga ya ruga, abokinsa Allan Donald bai ji kiransa ba, ya tsaya yana kallon ƙwallo, katakonsa ya faɗi, aka fitar da shi, aka tashi 213 da 213, Ostireliya ta wuce saboda matsayinta a zagayen baya. Abin da ke faruwa a irin wannan lokaci sananne ne: matsi yana sa ƙwararre ya fara sa ido a kan abin da jikinsa ya saba yi da kansa, ko ya yi gaggawar gamawa don ya huta da fargaba. Kuma da zarar an laƙaba wa ƙungiya suna, kowane sabon ɗan wasa yana gadon nauyin, abokan hamayya kuma suna tuna masa a cikin fili, domin jifa da baƙar magana don a karya zuciyar mai bugu tsohuwar dabara ce da 'yan Ostireliya suka shahara da ita zamanin kyaftin ɗinsu Steve Waugh. Gorin ya yi sauƙi a Yunin 2025, lokacin da suka doke Ostireliya a Lord's a wasan ƙarshe na gasar Tes ta duniya, Aiden Markram ya ci 136, kyaftin Temba Bavuma kuma ya ci 66 yana ɗingishi da ciwon cinya.

Tambaya: Baba, ni yarinya ce mai son wasanni. Akwai Musulmi ko 'yan Afirka ta Yamma da suka nuna irin wannan hali a kurket? Daga wata ɗaliba, unguwar Bagalam, Maraɗi.

Amsa: 'Yata, akwai su. Hashim Amla na Afirka ta Kudu, wanda Musulmi ne, ya nemi a cire tambarin kamfanin giya daga rigarsa tun farkon shigarsa ƙungiyar ƙasa, aka kuma amince masa. A 2006 wani mai sharhi ya kira shi ɗan ta'adda a talabijin, aka sallami mutumin daga aikin, shi kuwa Amla ya karɓi uzurinsa bai ja maganar ba. A 2012 a Landan ya tsaya fiye da awa goma sha uku ya ci maki 311 ba a fitar da shi ba, ya zama ɗan ƙasarsa na farko da ya kai ɗari uku a wasan Tes, kuma waɗanda suka kalle shi sun san cewa fuskarsa ɗaya ce ko ya ci maki ko ƙwallo ta kusa fitar da shi. Kusa da mu kuma, 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar kofin duniya a Malesiya cikin Janairun 2025, karonsu na farko, suka haɗu da Niw Zilan, ƙasar da ta daɗe a wasan. Ruwan sama ya sa aka taƙaita wasan, Najeriya ta ci maki 65 kawai, kuma duk da ƙanƙantar makin suka riƙe jifansu har ƙwallon ƙarshe, suka yi nasara da ratar maki biyu. Za ki samu damar ganin wasan a babban dandali nan gaba, domin kurket zai koma gasar Olamfik a Los Angeles a 2028, maza da mata, karon farko tun gasar Paris ta 1900.